Randar da Inna ta fasa

Shekara arba'in da wani abu, hantsi bai taɓa samun Inna a zaune ba. Za ka tarar da ita a rumfar bayan gida ta ɗaure zani a gwiwa, tana taka yumɓu da ƙafa, tana barbaɗa masa dakakken tsingaro, wato fasassun tukwane. Daga nan ta sunkuya tana zagaye tukunya da baya da baya har gini ya tashi. Ni surukinta ne, mijin autarta. A sana'ar nan matsayina bai wuce ɗauko itace ba, shi ma wai ina zaɓo ɗanye.

Da roba ta cinye kasuwar tukwane, 'ya'yan Inna suka watse daga sana'ar. Auta kaɗai ta tsaya, ita ma sai da ta je makarantar fasaha ta dawo tana gina wasu abubuwa masu murɗaɗɗen wuya da huda a ciki.

"Wannan me ake zubawa?" in ji Inna.

"Ba a zuba komai, Inna. Kallo ake yi."

"To ai ko mijinki yana ɗauko itace."

Bara wani ɗakin nune-nune ya nemi Auta ta kawo gini mai tsayin mutum. Sau uku tana gasawa, sau uku yana tsagewa. Saura mako biyu a buɗe nunin ta wanke hannu, ta ce idan na huɗu ya fashe ta bar yumɓu ke nan, aikin ofis za ta nema. Inna ta san ba wanda zai gaje ta bayan Auta.

Ta murza yumɓun a yatsa. "Ina tsingaron da ke ciki?"

Babu. A makaranta yumɓu a haɗe yake zuwa cikin buhu, don haka da Auta ta gyara rumfa, tarin fasassun tukwanen da Inna ke dakawa don yumɓu ya jure wuta sai ta ɗauka shara ce. Ni na kwashe su a baro. Sahu huɗu, har ina jiran yabo.

Inna ba ta yi faɗa ba. Ta shiga ɗaki ta mirgino randar da mahaifiyarta ta gina, wadda ko jikoki ba ta bari su jingina da ita. Ta juye ruwan, ta ɗauko taɓarya.

"Inna, kar ki yi," in ji Auta.

"Matsa, 'yar nan. Da uwata ta ga yumɓunki, da kanta za ta fasa randar."

Kwana biyu tana daka, sannan aka haɗa garin da yumɓun Auta. Gini na huɗu ya fito daga wuta lafiya lau.

Inna, ke ce kika ba da abin da ya fi miki daraja saboda aikin da har gobe kike kira "tulun da ba ya riƙe ruwa". Ba ki jira kin gane shi ba kafin ki tsaya masa. A wurin nunin sunan Auta kaɗai aka rubuta, shi ya sa na rubuta wannan.

Bana gwiwa ta zaunar da ke. Mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Masu tsohuwar sana'a kuma, idan yaranku sun juya ta yadda ba ku saba ba, ku leƙa ku ga me suka rasa. Auta dai jiya ta kwaɓa sabon yumɓu, kuma an hana ni taɓa baro.