Faɗuwar da Muka Ƙi Yarda da Ita

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran malaminmu, tsohon alƙalin wasan ƙwallon kwando, wanda 'yan wasa ke kira Baba Tashi. A filin da ya koya mana aiki ya faɗi, a gaban idonmu. Wanda Ya ara mana shi Ya karɓi abinSa, mu ma muna tafe.

Baba, bakinka ne ya jawo maka wannan suna. Ɗan wasa zai taho da ƙwallo, kafaɗar wani ta ɗan goge shi, sai ya zube yana birgima kamar an watsa masa ruwan zafi, don kawai a hukunta abokin karawarsa. Kai kuwa ko tsayawa ba ka yi. Kana wucewa za ka ce, "Tashi, ɗana, ƙasa da sanyi." In ya sake, shi za ka busa wa usur. Amma ban taɓa ganin ka tozarta kowa ba. Akwai wani dogon yaro da wannan hali ya kama, har 'yan kallo suka fara yi masa ihu. Ka ja shi gefe, ka yi ta zuwa atisayensu kana sa a ture shi da gaske, har ya koyi tsayawa da ƙafafunsa. Yana cikin waɗanda suka ɗauki gawarka, yana kuka wiwi.

Mu sababbin alƙalai kuwa da jikinka ka koya mana aiki. Za ka jera mu a bakin fili, usur a baki, ka sa wani ya dinga gogarka, kai kuma ka dinga faɗuwa, wata ta gaske, wata ta ƙarya. Wanda ya busa a kan ta ƙarya, ranar sai ya sha tsiya. Kullum kana ce mana, "Wanda aka buge da gaske, ta kansa yake yi. Maƙaryaci ne ke neman idon alƙali yana faɗuwa." Mun haddace wannan magana fiye da sunayenmu.

Ran nan ma haka muka jeru. Ka yi faɗuwa biyu muka gane, ka tashi kana dariya. Sai ka dafe ƙirji, ka durƙusa, ka kwanta a gefe guda, ba wanda ya taɓa ka. Kuma ka dube mu, Baba. Ni ka duba, ido cikin ido. Ba wanda ya motsa a cikinmu. Kowa ya riƙe usur ɗinsa yana jin daɗin ba a yaudare shi ba. Ni da bakina na ce maka, "Tashi, Baba, ƙasa da sanyi." Aka yi dariya. Sai da mai sharar filin ya jefar da tsintsiyarsa ya ruga, sannan muka biyo shi.

Likita ya ce zuciya ce, ko a ƙofar asibiti ta buga da wuya a yi wani abu. Na ji shi, amma kallon nan bai bar ni ba. In na shiga filin, katakon wurin da ka faɗi nake kewayewa. Jiya wani yaro ya yi tuntuɓe a gaban shagona, ban san lokacin da na tarar da kaina a kansa ba.

Abin da ya fi tsaya mana a wuya shi ne Mama, matarka. Abokan aiki suka ce a gaya mata nan take muka tallabe ka, a bar ta da wannan. Na je gaisuwa da niyyar haka. Ta zaunar da ni kusa da kujerarka ta ce, "Ɗana, da ya faɗi, wa ya fara isa gare shi?" Ƙaryar ta ƙi fita. Na gaya mata komai, har da maganar da na yi maka.

Sannan ta nuna tsakar ɗakin.

"Nan yake gwada faɗuwar tasa kafin ya je muku. Tun muna da ƙuruciya. Yana cewa duk duniya babu alƙali mara kan gado kamata, don ban taɓa gane ta ƙarya ba. Duk sanda ya faɗi sai na ruga." Ta share ido da bakin mayafi. "Ku kun iya aikin. Da ma ni ce a wurin."

Daga nan ta sa aka kawo mini ruwa.

Allah Ya jiƙanka, Baba, Ya haskaka kabarinka, Ya sa adalcin da ka yi tsakanin 'ya'yan mutane ya tsaya maka ranar hisabi. Allah Ya ba Mama da 'ya'yanka da jikokinka haƙurin wannan rashi. Mu kuma da ka duba muka tsaya, Allah Ya yafe mana tsayuwar nan.