Masu Kiɗan Falon Kaka

A shekarun da na yi ina kula da wata tsohuwa 'yar Dominika a unguwar University Heights ta birnin New York, la'asar ce ta fi tsaya mini a rai. Rana tana ratsowa ta labule, jirgin ƙasa yana wucewa can sama, ni kuma ina riƙe da cokali ina lallashi. Kaka nake ce mata. Mantuwa ta riga ta cinye mata rabin duniya, abinci kuwa sai an yi da gaske take buɗe baki.

Jikanta da abokansa suna da ƙungiyar kiɗa, da Sifaniyanci suke waƙa, kuma a falonta suke gwaji don ba su da wani wuri. Da farko haushinsu nake ji. Ƙatti da su, su cika mini falo da wayoyi, su cinye ayabar da na soya wa Kaka, su bi ni da "Anti, Anti" kamar ba su ba. Waƙar ma ba ta kai ƙarshe. Mai ganga ya yi gaba, jikan ya manta baiti, su fashe da dariya su koma farko. Amma a cikin wannan hayaniyar Kaka take cin abinci. Tana kaɗa ƙafa, tana yi musu faɗa, ina ba ta shinkafa da wake.

Sai waƙarsu ɗaya ta karɓu. Na fara jin ta a shagunan Fordham Road, daga baya a motocin da ke tsaye a danja. Suka tafi yawon wasa ƙasa-ƙasa. A talabijin na ga fili maƙil da mutane suna rera abin da aka harhaɗa a kan kujerar da nake ninke wanki. Na yi murna, na kuma ji kamar an yi mana sata.

Falo ya yi tsit, Kaka ta rufe baki. Na kunna mata faifansu, ta ɗan saurara ta kau da kai. Ta rame har zobenta yana zamewa daga yatsa. Tsoro ya kama ni, na kira jikan na wanke shi tas.

Wata la'asar sai ga shi da jitarsa. Ya durƙusa gabanta ya yi waƙar tun daga farko har ƙarshe, babu tuntuɓe ko ɗaya. Ni kaina na lumshe ido, har na manta a tsaye nake. Kaka ta tafa masa cikin ladabi, irin wanda ake yi wa baƙo, ta ɗan ci daga hannunsa.

Sannan ta dafa kafaɗarsa. Da ɗan Sifaniyancin da na tsinta a bakinta na gane abin da ta ce.

"Ka iya, ɗana. Ina da jika, shi ma yana koyo, bai kai ka ba tukuna. In ka gamu da shi can wajenku, ka ce ya dawo gida."

Ya ce mata zai faɗa masa. Ya ɗebo wani cokalin, ya roƙe ta ta ƙara.