Jegon da Na Je Yi a Landan

Litinin: Ƙofar Mazugal zuwa Abuja

Ƙarfe shida saura kwata, gari bai waye ba, ƙanena Alhaji Sabo ya tsayar da motarsa a bakin titi, don lungunmu ba ya shigar mota. Azumi ya haura goma a lokacin, a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki. Maigidana ya rako ni har bakin mota riƙe da fitila, ya yi mini addu'a, ya ce in 'yarmu ta sauka namiji ne kada a tsaya jiran shawararsa, a yi masa huɗuba da Muhammadu.

Wurin autata Hauwa'u za ni. Mijinta Malam Nasiru malamin jami'a ne, ya bar ƙasar lokacin da soja suka shiga kamen shugabannin ƙungiyarsu, daga baya ta bi shi. Shekara shida da aure, ɓari biyu, sai wannan cikin ya zauna. Tunda ba halin ta zo gida goyon ciki, ni na ɗaura ɗamarar zuwa. Na shekara ashirin ina koyarwa a firamare, saboda haka ɗan Turancin da zan tambayi hanya bai gagare ni ba. A jakata akwai garin kunu, kanwa, yaji, daddawa, kilishi, busasshen ganyen darbejiya na wankan jego, da zannuwan goyo guda uku.

Shinge bakwai na ƙirga tsakanin Kano da Kaduna. A Kwanar Ɗangora wani ɗan sanda ya leƙo ya ce a sauka lafiya, ai yanzu dimokuraɗiyya ake yi, amma hannunsa na kan ƙofa har sai da Sabo ya sa masa wani abu. Da muka wuce Sabo ya ce launin kakin ne kawai ya canja. Mun shiga Abuja ƙarfe ɗaya da rabi, na sauka gidan wata 'yar ƙawata, da magariba muka sha ruwa da kunun tsamiya da ƙosai.

Talata: Abuja zuwa Landan

Jirgi ya tashi ƙarfe tara na safe, muka yi awa shida da ɗoriya a sama. Wata Baturiya mai duba kaya ta ƙwace kilishin, ta ce nama ba ya shiga. Kanwa kuwa sai juya ta take yi kamar ta kama mai laifi, har na gutsura na sa a baki a gabanta, sannan ta mayar mini.

Malam Nasiru na tsaye a waje da rigar sanyi a hannu. Ya durƙusa ya gaishe ni a tsakiyar mutane, na ga ya rame, furfura ta fito masa. Ƙarfe huɗu saura ya miƙo mini dabino ya ce an sha ruwa. Na duba waje, duhu ya riga ya rufe. Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka canja wani, sannan bas mai bene, awa biyu cur kafin mu isa.

Gidan a hawa na tara yake, ciki ɗaya da ɗan falo. Ni da a Kano ko ruwa ba na sha a gaban suruki, ga ni muna bin banɗaki ɗaya. Ya bar mana ɗakin ya koma falo. A nan na gane aikin da yake yi: gadin wani kanti, da rigar ma'aikata da hula. Hauwa'u ta roƙe ni kada in faɗa a gida.

Laraba da Alhamis

Gari ya ɗauki haramar Kirsimeti. Fitilu a kan tituna, bishiyoyin ado a tagogi, kowa da ledoji niƙi-niƙi yana sauri, ba mai ce wa wani sannu. Kiran salla babu, sai wata takarda da aka manna a bango ake duba lokaci. Mutum ɗaya ce ta yi mini magana. A cikin na'urar hawa bene wata mata ta ji ina yi wa Hauwa'u faɗa a kan ɗaukar kaya, ta juyo ta gaishe ni da Hausa tsantsa. Maman Gires ake ce mata, Inyamura ce haihuwar Sabon Gari, a hawa na shida take. Ta tambaye ni ko har yanzu ana sayar da gurasa a bakin Jakara.

Juma'a: asibiti

Naƙuda ta tashi ƙarfe tara na safe. Ƙarfe biyu da minti ashirin aka yi mata aiki, aka ciro namiji. Bai yi kuka ba. Kafin in gan shi an wuce da shi wani ɗaki, aka sa shi a akwatin gilashi, robobi a hanci da cibiya. Likita ya ce zuciyarsa ce ba ta ginu daidai ba, za su yi iya ƙoƙarinsu, sai dai babban likitan ya tafi hutu, ana nemansa ta waya. Malam Nasiru ya sunkuya ta wata 'yar kafa a jikin akwatin ya yi masa huɗuba. Ni ma na zura yatsa na taɓa tafin ƙafarsa. Kamar ubansa sak, har goshin. Da magariba ta wuce aka ce mu tafi gida.

Asabar: ranar Kirsimeti

Ƙarfe bakwai da minti goma na safe waya ta yi ƙara, aka ce mu zo yanzu. Sai a lokacin na san cewa ran Kirsimeti a Landan ba bas, ba jirgin ƙasa. Malam Nasiru ya buga wa masu tasi har wuri huɗu, uku ba su ɗauka ba, na huɗun ya ce sai bayan awa biyu. Asibitin kilomita shida ne daga gida. Muka sauko da niyyar takawa a ƙasa, ni da gwiwar da ko Dala ba ta iya hawa. A hawa na shida na tsaya na buga ƙofar Maman Gires. Ta buɗe da ludayi a hannu, gidan cike da ƙamshin miya, 'ya'yanta sun yi ado za su coci. Ban gama bayani ba ta kashe wuta ta ɗauki makullin motarta, da silifas ta fito.

Titi fayau, ko kare babu. Mun isa takwas da minti biyar. Yaron ya cika takwas saura minti goma.

Ma'aikatan jinya duk suna sanye da jajayen huluna na bikinsu. Wadda ta tare mu ta cire tata ta cusa a aljihu kafin ta faɗa mana. Muka tarar da Hauwa'u a zaune, an naɗe shi an ba ta, tana kallonsa ba ta kuka. Na yi salati, na ce wa Malam Nasiru ya je ya nemo likkafani da mutane, a yi masa sutura kafin azahar. Ya sunkuyar da kai ya ce ba za a ba mu shi ba. Sai an samu takardar izinin binnewa, ofishin da ke bayarwa kuma yana rufe har Laraba, saboda bikin ya faɗo a ƙarshen mako an ƙara musu kwana biyu. Na je na sami shugabar ɗakin da kaina, na yi mata bayani da duk Turancin da nake da shi, cewa mu ba ma kwana da gawa. Ta riƙe hannuna tana ba ni haƙuri, ta ce ba ta da iko.

Da aka zo ɗaukarsa za a kai ɗakin sanyi, Hauwa'u ta ɗago ta dube ni.

"Umma, ko riga ba a sa masa ba."

Na kwance mayafina na ƙara naɗe shi da shi, aka tafi.

Lahadi zuwa Laraba: jira

Ban taɓa ganin kwanaki masu nauyi irin waɗannan ba. An sallamo Hauwa'u ran Litinin. Wankan jego likita ya hana saboda ɗinki, ganyen darbejiya ko kwance shi ban yi ba. Kunun kanwa kuwa ni na hana, don nono ya riga ya kawo, yana zuba yana jiƙa mata riga. Da ɗaya daga zannuwan goyon na ɗaure mata ƙirji. A Kano da tsakar gida ta cika da mata, wannan ta kawo tuwo, waccan ta zauna tana ba da baki. A nan mu uku ne muna kallon bango, ta taga kuma muna hango gidajen mutane, iyali sun kewaye tebur suna dariya. Maman Gires kaɗai ke hawowa, kullum ƙarfe huɗu saura, da shinkafa da kaza daga shagon Musulmi, ta ajiye ta zauna kusa da Hauwa'u.

Gidanmu na Kano ba waya, sai a shagon wani maƙwabci ake kiran Malam, maigidana. Kullum tambayarsa ɗaya, an kai shi? Kullum in ce tukuna. Ran Talata ya ce wace irin ƙasa ce wannan. Ran Laraba Malam Nasiru ya bi layi tun takwas na safe, ya dawo ƙarfe ɗaya da takardar.

Alhamis: maƙabarta

A wani masallacin 'yan Pakistan aka yi masa wanka da salla. Mutum biyar suka raka shi, tafiyar awa ɗaya da minti ashirin zuwa bayan gari. Malam Nasiru ya dawo da laka har gwiwa. Ya ce ruwa ya taru a kabarin, sai da suka kwashe da bokiti.

Bayan shan ruwa na ajiye kunya gefe na yi masa magana. Na ce sojan da suka kore shi sun koma bariki, abokansa duk sun dawo, ya tattara matarsa su zo gida. Ya ce ya rubuta wa jami'a sau biyu, an ce an ba wani gurbinsa, kuma da wane ido zai shiga unguwa hannu rabbana. Na juya wurin Hauwa'u, ina tsammanin za ta goya mini baya.

"In na tafi, Umma, wa zan bar wa shi?"

Ban sake tayar da maganar ba.

Komowa

Kwana arba'in na zo yi, na yi ashirin da uku. Salla ta zo ta wuce kamar ba a yi ba, Malam Nasiru daga Idi wurin gadi ya wuce. Sanyi ya kama mini ƙirji, tari ya hana kowa sakat, Hauwa'u da kanta ta ce in koma kada a yi biyu. Ran da zan tafi ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ciki, ba ta iya saukowa ba.

Na sauka Abuja da safe, Sabo na jira. Ƙarfe biyar saura na yamma muka tsaya a bakin lungunmu. Mata suka cika gidan, aka yi mini irin zaman da 'yata ba ta samu ba. Da aka watse Malam ya shigo ya zauna a bakin gado, ya tambaye ni ko na ga kabarin. Na ce ban gani ba. Ya ce to an fuskantar da shi alƙibla? Na ce haka ubansa ya faɗa mini. Ya gyaɗa kai, ya ɗauki butarsa ya fita.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, da Alhaji Sabo, da waɗancan bayin Allah da suka wanke jikana ba su san mu ba. Maman Gires kuwa har na baro ƙasar ban tambayi sunanta na yanka ba, Allah ya saka mata. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa Hauwa'u a addu'a. Tana can a hawa na tara, kuma an ce mini duk Juma'a sai ta shiga bas biyu ta je bayan gari.