Mashigin da Kawu Ya Ajiye a Gindin Tsamiya

Aikin rediyo ya bar mini ɗabi'a guda: ba na yarda da labari sai na ji shi daga baki biyu. Da na rage zuwa ofis, sai na kwashi ɗabi'ar na kai ta cikin wani wasan yaƙi na kwamfuta da na kamu da shi. A wasan ana shimfiɗa taswira a yanka ta gida-gida, kowane gida mai kusurwa shida kamar saƙar zuma, kowanne kuma rabin kilomita. Mai zane shi zai ce wannan gida dutse ne, wancan fadama, wancan hanya, kwamfuta kuma ta lissafa lokacin da runduna za ta ɗauka ta ratsa. Ka sa rafi a gidan da ba nasa ba, yaƙin gaba ɗaya ya zama ƙarya.

Taswirorin da na tarar duk na ƙasashen wasu ne. Sai na ƙudura zan zana tamu, ta bayan duwatsun Kwatarkwashi, in ɗora mata wani yaƙi da na ƙirƙira na zamanin baka da kibiya. Hoton tauraron ɗan'adam ya ba ni duwatsu da gonaki, amma da rani aka ɗauke shi. Bai nuna mashigi ba, wato inda ake ƙetare rafi in ruwa ya cika. Abin da ya kai ni ƙauyen ƙanen mahaifiyata ke nan wata damina, da littafi da biro.

Kawu ya saurare ni har na gama bayani.

"Wasa dai?" ya ce. "Da hurhura ga kanka?"

Na ce ai wasan na manya ne, Kawu.

"To mi za ka yi da mashigi?"

Na sake bayani. Bai kai ni rafin ba, ya ce hanya ba lafiya. Ya hau da ni kan wani falalen dutse a bayan gari, ya miƙa sandarsa can gabas, inda wata tsamiya ta yi fice. Ya ce nan ake ƙetarewa. Na rubuta. Mutane na wucewa ta ƙasa da fartanyu, suna gaishe mu, suna kallon littafin fiye da yadda suke kallona. Kafin in shiga mota na tambayi mutum biyu a bakin masallaci, kowa daban. Kowannensu ya ce, "Gindin tsamiya, Malam, daidai gindin tsamiya."

Da na koma gida Gusau na sa mashigin a gidan tsamiya, lissafi ya ƙi. Daga gari zuwa gonakin ƙetare ta wannan hanya gida goma sha ɗaya ne, tafiyar fiye da awa guda. Ni kuwa a gabana matar Kawu ta ɗauki abincin manoma bayan azahar, ta dawo da kwanuka kafin la'asar, ƙafarta da laka. Na ƙara girman hoton. Gaɓar rafin a wurin tsamiya tsaye take kamar bango. Can ƙasa kuma, wajen yamma, ƙananan hanyoyin ƙafa guda huɗu sun haɗu a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, sun sake fitowa a ɗaya gefen. Sannan na tuna mutanen masallaci. A ɗakin labarai mun san cewa idan mutum uku suka faɗi magana da kalmomi iri ɗaya, baki ɗaya ka ji.

Na kira Kawu a waya. Ya ce, "Tsamiya na ce maka," ya tambayi lafiyar yara. Raina ya ɓaci. Na ajiye taswirar farko yadda take, na buɗe ta biyu, na mai da mashigin kan dutsen yamma. Gida huɗu kacal. Komai ya zauna daidai.

Bayan kwana goma Kawu ya kira da safe. Bai yi doguwar gaisuwa ba. Ya ce an kore shanun gari, ta mashigi aka shigo ta nan aka fita, kuma mai unguwa yana son ganina da kwamfutar. Sai da ya kashe waya matarsa ta sake kira a ɓoye, ta faɗi sauran. Kowa ya tuna baƙon nan mai littafi a kan dutse, da wanda ya tsaya kusa da shi yana nuni da sanda. Tun jiya ba wanda ya zauna a tabarmar Kawu. An fara kiransa da sunan nan da ake kiran masu kai wa ɓarayin daji labari, kuma a ƙauyukanmu wanda sunan ya kama bai cika kai wata damina a gidansa.

Na shiga motar Tsafe, kwamfutar a kan cinyata. Farko na bincika ko na taɓa tura wa wani taswirar. Ban tura ba. Na bincika sau biyu duk da haka. Sannan na zauna ina duban fayil biyu. Ɗaya daidai ne, kuma duk wanda ya gan shi zai ce Kawu ne ya nuna. Ɗaya kuskure ne, amma shi ne ainihin abin da Kawu ya faɗa mini. Kafin mu kai mahaɗar da zan sauka na goge na biyun, na bi shi cikin kwandon sharar kwamfutar na sake gogewa.

A zauren mai unguwa mutane sun kai ashirin. Kawu yana can gefe shi kaɗai, kamar an auna tazarar. Shugaban 'yan sa-kai, wani siriri da ba ya ɗaga murya, shi ya yi tambayoyin.

"Malam, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa."

"Ba kowa, ka baro Gusau don ka san inda aka ƙetare ruwa."

Na buɗe taswirar na juya masa. Ya daɗe yana kallo. Ya sa yatsa a kan ƙananan alamomi ja da ke bayan duwatsu.

"Waɗanga su wa ne?"

Na ce maharba ne na zamanin da, ni na ƙirƙire su.

"Kuma garinmu suka nufa."

Na ce haka wasan yake. Wani daga baya ya ce, "Mu ma haka aka yi muna wasan shekaranjiya." Ba wanda ya yi dariya.

Mai unguwa ya ce in nuna masa mashigin. Na ce, "Ranka ya daɗe, ga shi," na ɗora biro a gidan tsamiya. Ya sunkuyo. Shugaban 'yan sa-kai ma ya sunkuyo. Suka dubi juna, sannan wani dattijo ya matso ya duba, ya yi wani ɗan tari da na gane daga baya dariya ce.

"Nan ya nuna maka?"

"Nan."

"Ɗan 'yar uwarshi," in ji dattijon, yana duban jama'a, "kuma tsamiya ya ba shi."

A nan na fahimci abin da kowa a zauren ya sani ban da ni. Tun da aka fara kore shanu garin ya yanke cewa duk baƙon da ya tambayi hanyar ruwa, tsamiya za a nuna masa, ko wane ne shi.

Shugaban 'yan sa-kai bai saki fuska ba. Ya ce, "Ba wata taswirar ban da wagga?"

Na ce babu wata. A lokacin gaskiya na faɗa, kuma na ji nauyinta kamar ƙarya. Ya dube ni fiye da yadda nake so. Ya karɓi littafina ya yage shafukan ranar, ya ce kada abin nan ya fita daga kwamfutata, na ce ba zai fita ba. Ba zan ce ya yarda da ni ba. Amma da aka tashi sallar azahar, mutum biyu sun tsaya sun jira Kawu ya sa takalmi.

Kawu ya raka ni bakin titi. Muna tsaye ya ce, "Kai da karatunka, awa guda don a kai tuwo gona?" Bai dube ni ba. Ban san ko yana tambaya ne ko na gane, ko yana gaya mini ya san na gane. Mota ta zo na shiga.

Taswirar tana nan, ban ba kowa ba. Wani lokaci nakan buɗe ta ni kaɗai, in sa maharban nan su bi gida goma sha ɗaya su ƙetare a gindin tsamiya, inda ko akuya ba ta iya sauka.