Jirgi Ba Ya Tsayawa Garin Gwaggo

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Baba, Allah ya jiƙansa. Direban kamiyo ne, babbar motar kaya, rayuwarsa kaf a tsakanin Damagaram da Agadas ta ƙare: ya haura da gero, ya gangaro da dabino da gishiri. Ni ce ƴarsa ta fari, ungozoma a asibitin Agadas, kuma bana ne na fara shiga jirgin sama zuwa gida.

Ba zan ɓoye ba, na ji daɗinsa. Tafiyar da Baba ke kwana a hanya, taya ta fashe, yashi ya riƙe mota, ni ko gyangyaɗi ban gama ba aka ce ga Damagaram. Ƙafata ba ta kumbura ba, bayana bai yi tsami ba. Na yi ta tunanin abin da zai ce da yana raye. Da fari zai taɓe baki, don shi ba ya yarda da motar da ba zai iya leƙa ƙarƙashinta ba. Daga nan sai ya jefo tambayar da ta dame ni tun a filin jirgi: wa ya tsaya wurin Gwaggo?

Gwaggo Dije yayarsa ce, tana wani ƙauye a bakin hanya, arewa da Tanut. Idonta ya tafi tun muna yara. Baba bai taɓa wuce garin ba, ko mai kaya na kumfar baki. Sai ya kashe mota, ya sauke mata cuku da dabino, ya tsuguna ta yi masa faɗan ya rame. "Zumunta a ƙafa take," in ji shi, "ni kuwa Allah ya haɗa mini da taya." Bayan rasuwarsa na gaji tsayawar, ina lallaɓar direbobin bas su ɗan jira in ruga in gaishe ta. Cikin danginmu ni kaɗai nake bin hanyar nan. Jirgi kuwa ba a ce masa dakata.

Kwana ɗaya na yi a gida, na nufi tasha. Innata ta riƙe baki. "Ke da kika zo ta sama, yau kuma ki koma baya a mota? An gudu ba a tsira ba ke nan!"

Na iske Gwaggo a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Ta shafa fuskata, ta ce in yi sauri kar motar Agadas ta bar ni, don ta saba da gaisuwar tsaye. Na ce babu motar da ke jirana, daga Damagaram nake, kuma kwana zan yi. 

"Ubanki hanya ce take biyowa da shi," ta ce. "Ke kuwa takanas kika zo, ƴata."

An sayar da kamiyon Baba tuni, tsofaffin da suka san shi a tasha ma sun kusa ƙarewa. Abin da ya rage shi ne ɗabi'ar tsayawa, kuma na gode Allah da jirgi bai raba ni da ita ba. Ina jin da Baba zai yafe wa jirgin, ko da zai yi ta gunaguni. Da magariba Gwaggo ta sa jikarta ta ciro wata tabarma naɗaɗɗiya daga bayan rumbu. Ta ce ƙanenta ta saya wa tun yana sabon direba, don ranar da zai samu sukunin kwana. Ni na fara kwanciya a kanta.