Caja Mai Haƙuri ta Kawu Abel

Ina tsugune a tsakar gida ina ɗaurayar kwanukan abincin rana aka kawo wuta. Kawu Abel ya wuce ni da sauri riƙe da batirin jirginsa, yana juya shi daga wannan hannu zuwa wancan kamar wanda ya ciro dankali daga toka. Ya shige shagonsa da ke zaure. Ban gama kwanukan ba na ji wani huci, irin na ruwa idan ya faɗa cikin mai mai zafi. Farin hayaƙi ya biyo ƙofa da wani wari mai zaƙi-zaƙi wanda har yau nake jin sa a maƙogwaro. Kawu bai yi ihu ba. Sunana kawai ya kira, a hankali, ya ce, "Sandra, zo ki nuna mini ƙofa."

Tun ranar ba na iya barin ko wayata a caji in fita ɗaki. Ina zama kusa da ita, ina taɓa bayanta in ji ko ta yi zafi.

Kawu Abel wan mahaifiyata ne. A gidansa na Rikoto nake zaune tun da na gama bautar ƙasa, ina neman aiki. Sana'arsa gyaran fanka da dutsen guga da rediyo, kuma duk wanda ya daɗe a unguwar ya san zauren nan mai tulin farfelar fanka a rataye kamar busasshen kifi. A barikin soja aka haife shi, a Kaduna, domin kakanmu soja ne kamar yawancin dattawan ƙasarmu. Ya ce gidansu na kusa da inda jiragen soja ke tashi, har mahaifiyarsu ta daina kiransa cin abinci idan ta ji ƙarar inji, don ta san ba zai ji ta ba. Da ya girma ya nemi shiga sojan sama. Aka auna tsawonsa aka ce ya gaza da kaɗan. Ba ya ba da wannan labari da ɗaci. Yakan ce da ya sani da ya bar sumarsa ta taru kafin ya je.

Ya dawo gida ya shiga golmo tare da sa'o'insa, wato noman da samari ke yi wa iyayen yarinyar da suke so har a ba su ita. A gonar mahaifin Mama Monica, matarsa, ya yi nasa. Ita ta gaya mini cewa cikin duk samarin da ke duƙe a kunya, shi kaɗai ne ke ɗaga kai idan jirgi ya ratsa can ƙololuwa, ya bi shi da ido har ya ɓace, sannan ya koma ya cim ma 'yan uwansa. Mahaifinta ya ce wannan yaro rago ne. Ita kuwa ta ce ai ya cim musu.

Jiragensa na farko da karan dawa ya yi su, ba sa tashi, ado ne kawai a kan teburin shago. Daga baya ya gano farin soson nan da ake kunshe sabon firiji da shi, yana yanka shi da reza yana goge shi har ya yi sumul. Da ɗansu Divine, wanda shi ma soja ne, ya zo hutu wata Kirsimeti, ya kawo masa ƙaramin inji da farfela da rimot. Wannan jirgi ya tashi. A filin makarantar firamare ya yi zagaye biyu masu kyau, ya je ya sauka a kan mangwaro, aka sauko da shi da gora.

Tun ranar Maharazu yake kiransa Kyaftin. Maharazu abokinsa ne tun suna samari, shagonsa na sayar da batirin babur da kayan gyara yana kallon zauren namu. Duk safiya sai ya tsallako da kofin shayinsa ya tambaya ko jirgin mangwaro zai tashi yau, yana da saƙo zuwa reshe na sama. Kawu yakan amsa cewa ba a ɗaukar mai tumbi irin nasa.

Bana ya ƙera wanda ya fi duka. Fukafukansa sun fi bencin zaure tsawo. Ya shafa masa farin fenti, ya rubuta Monica a gefensa da shuɗi. Mama ta ce ya goge kafin mutanen coci su gani, amma na lura ta kan tsaya a ƙofar zaure in za ta kasuwa. Divine ya aiko da babban batir, mai kamar sabulun wanki biyu a haɗe, a nannaɗe da leda mai sheƙi. Sai dai bai zo da caja ba, kuma 'yar cajar tsohon jirgin ba ta iya masa.

Maharazu ya ce wannan ba matsala ba ce, a kawo ya maƙala masa cajar da yake cika batirin babur da ita. Kawu ya ƙi. Ya ce batirin jirgi kamar gida ne mai ɗaki uku, dole a cika kowane ɗaki daidai da ɗan uwansa, in ɗaya ya cika ya wuce sai ya kumbura. Cajar babur kuwa tura wuta take yi kawai, ba ta san ɗaki ba. Maharazu ya ce, "To mi za mu yi, Kyaftin? Mu ɗauko mashi mai gadi?"

Ni aka ɗora wa binciken, tunda ina da waya da lokaci. Kullum da la'asar muna zama a benci, ina nuna masa hotuna, yana ɗaga tabarau ya kawo wayar kusa da hancinsa. Muka yi ta tankaɗe har saura biyu. Ta farko tana da baki biyu da ake maƙalawa a batirin mota ko na sola, ba ruwanta da wutar gari, kuma tana cikawa da sauri. Amma tana da maɓallai da 'yar fuska mai rubutun Turanci, sai ka gaya mata irin batirin da yawan ɗakunansa da ƙarfin da za ta tura, kuma masu sayarwa da kansu sun rubuta cewa in ka gaya mata ba daidai ba za ta iya tayar da gobara. Ta biyu a bango ake soka ta. Ba ta da maɓalli ko ɗaya, sai 'yan fitilu uku, kowane ɗaki da tasa, ja ce har ta koma koriya. Aibinta ɗaya, tana da nawa wajen cika batir.

Kawu ya daɗe yana juya maganar. Yakan tashi daga gyaran fanka ya ce in sake nuna masa mai maɓallan. Ya duba, ya yi tsaki, ya koma. Wata rana ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu kamar dā, kuma ba ya son abin da zai jira shi ya yi kuskure. Ya zaɓi ta bangon. Ya ce, "Wadda ba ta da maɓalli ba ta da inda zan ɓata. Nawa kuwa, wanda ya yi golmo ba a koya masa jira." Ni ma na ga hakan ya fi. Wani direban motar Kaduna ya kawo ta cikin ɗan kwali, Kawu ya sa mata suna mai haƙuri.

Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne wuta. Bazara ta shigo, wuta ta koma sai ta leƙo ta tafi. A kawo ta, Kawu ya bar abin da yake yi ya soka caja, fitilu uku su kama ja, kafin ɗaya ta yi tunanin sauyawa an ɗauke. Maƙwabcinmu ya ce a kai gidansa a sa a janareta, Kawu ya ce wutar janaretan tana hawa tana sauka kamar numfashin mai asma, ba zai ba ta batirin Divine ba. Ya riga ya gaya wa mutane cewa ranar Litinin ta bayan Ista jirgin zai tashi. Maharazu kuwa kullum sai ya tambaya ko yau ma fasinjoji su koma gida. Kawu yana dariya, amma a cikin gida ya rage magana, yana barin tuwo a kwano.

Mama Monica ba ta taɓa sa hannu a harkar jirage ba. Amma tun aurensu akwai aikin da ta ɗaukar wa kanta. Idan rediyon Kawu ya fara shaƙewa, takan cire baturan ta jera su a kan kwanon rufin kicin, kusa da kuɓewa da barkonon da take shanyawa, rana ta gasa su, da yamma ta mayar, rediyo ya yi ta magana har a gama labarai. Haka mahaifiyarta ta yi, haka kowa ke yi da batirin tocila. Ranar Asabar kafin Ista Kawu ya tafi Mahuta tun da safe gyaran fankokin wani coci. Mama ta shiga zaure shara, ta ga batirin a kan tebur, ta tuna yadda mijinta ya kwana yana juyi. Ta ɗauke shi ta kai kan kwano, ta gyara masa wuri inda rana ta fi bugawa. Ina ɗaki ina cike takardar neman aiki, ban gani ba.

Batirin ya yini a can. Kawu ya dawo bayan azahar, ya ci abinci, ya nemi batir bai gani ba. Mama ta nuna masa rufin kicin tana murmushi, ta ce ta ɗan taimaka masa. Ya sauko da shi, kuma daidai nan aka kawo wuta. Daga baya ya gaya mini cewa ya san bai kamata a sa shi da zafi ba, ya ga ma ya ɗan tasa kamar burodi. Niyyarsa ya ajiye shi a ƙasa ya huce. Amma ya ga ƙwan lantarkin zaure ya kama, ya san ba zai daɗe ba, sai hannunsa ya riga shi, ya soka caja. Da fitilun suka fara ƙyaftawa yadda ba su saba ba, ya duƙa ya kai fuskarsa kusa don ya gani.

Na jawo shi waje yana rufe da fuska da hannu biyu. Maharazu ya tsallako da kwanon yashi daga ginin maƙwabta ya kifa a kan teburin, ya sake cikowa ya ƙara, har hucin ya mutu. Shi ya ɗauki Kawu a babur, ni a baya ina riƙe da shi. A asibitin gari suka wanke masa idanu suka naɗe, suka ce a wuce da shi Sakkwato wurin likitocin ido. Mama ta bi shi. Ni aka bar wa gida.

Mama ba ta ɓoye komai ba. Duk wanda ya tambaya, daga likita har matan zumuntar coci da suka kira ta, takan ce ita ce ta shanya batirin. Ta daina cin abinci sosai. Da na kira su ranar Ista, ta sa wayar a kunnen Kawu, na ji yana yi mata faɗa a kan haka. Ya ce, "Maman Divine, tun da na aure ki rediyona bai taɓa yin shiru ba. Ke kin yi abin da kika sani. Ni da na san ba a yi, ni na soka." Sai ya tambaye ni ko jirgin ya ƙone. Na ce gefen fiffike ɗaya ne ya narke, sunan yana nan. Ya ce kada in bari kowa ya taɓa shi.

Jiya shi ya sa aka kira ni. Muryarsa ta dawo daidai, har yana ƙorafin kunun asibiti. Ya ce in koma in nemo hoton waccan cajar mai maɓallai, in karanta bayaninta tun daga farko har ƙarshe, in koyi abin da kowane maɓalli yake yi. Ya ce ya zaɓi wadda ba za ta bar shi ya yi kuskure ba, ya manta cewa ita ma jiran masu kawo wuta take yi. Na ce masa ni yanzu ko ganin batir ba na so. Ya ce ya sani, amma in idon bai dawo ba wani ne zai riƙa karanta masa 'yar fuskar, kuma ba zai ba Maharazu wannan aikin ba don zai kai jirgin har garin Wasagu.

Na gaya wa Maharazu. Bai yi dariya ba. Da yamma ya tsallako da batirin mota sabo a kafaɗa, ya ajiye a kusurwar zaure, ya ce, "Ki hwaɗa wa Kyaftin wanga na jiran shi, ɗiyata. Ba a ɗauke mashi wuta." Ya tsaya yana kallon jirgin, ya sa yatsa ya share yashin da ya maƙale a kan sunan, ya koma shagonsa.

Na fara karanta bayanin, kaɗan-kaɗan, wayar a nesa da jikina. Na share zauren amma ban taɓa teburin ba. Masu fanka suna zuwa suna tambaya, ina ce musu su ƙara haƙuri.

Likita ya ce idon hagu yana gane haske idan an haska shi. Na daman ba su ce komai a kansa ba tukuna. Ranar Alhamis za su kwance bandejin, Mama ta ce za ta kira ni da zarar sun fito. Har yanzu ba mu san ko zai gani ba.