Jakar Ofis ta Baban Yara

Unguwarmu tana bayan mayo ne, wato rafi, wajen Lamorde. Idan ruwan Agusta ya cika ya shanye 'yar gadarmu, sai mu koma 'yan tsibiri na kwana biyu, mu yi ta kallon juna har mu gunduri juna. Ina jin wannan zaman ne ya haifar mana da ranar shiga. Asabar ɗaya a damina, matan aure kan saka kayan aikin mazajensu, su bi titi da kiɗa daga bakin coci zuwa mararraba, kowace tana kwaikwayon nata mijin. Doka biyu ce kawai. Ba a aron kayan, sace su ake yi da safe. Kuma namijin da ya yi fushi, da shi za a yi waƙa har baɗi.

Ba yabon kai ba, shekara da shekaru ni ce gwanar wannan wasa. Allah ya ba ni miji mai sauƙin kwaikwayo. Baban yara ma'aikacin ofis ne a wani kamfanin sayen hatsi. Farar riga mai guga, laktaye, tabarau a kan hanci, baƙar jaka a hammata, ga tafiya kamar wanda gwamna ke jira. Ko gishiri yake nema a gida, sai ya gyara murya tukuna.

To, a shekarar da nake ba da labari, an rufe kamfanin tun kafin ruwan farko. Bai faɗa mini ba. Kullum ƙarfe bakwai zai ɗaura laktaye, ya ɗauki jaka, ya ce, "Maman yara, na tafi ofis." Ni kuma in ce, "A dawo lafiya." Da yamma ya dawo da jar ƙasa a bayan kunne da kanta a tafin hannu. Wane irin biro ne ke sa kanta? Ƙanwata da ke aure a Kwaja ce ta gan shi yana canza kaya a bayan wata tsamiya, yana shiga gonar mutane ƙwadago. Na yi kuka ranar, ba don noman ba, ai da shi aka raine mu duka. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ya ɗauka ba zan iya jin gaskiya ba.

Unguwa kaf ta sani. Amma mu mutanen kirki ne, sai muka taru muka taya shi. Mai shayi ya ce, "Oga, ya ofis?" Ya ce, "Ofis da godiya." Har fasto ya taɓa yi masa addu'ar ƙarin girma, muka ce amin da ƙarfi.

Da ranar shiga ta zo sai na rasa abin yi. In ƙi fita, a ce akwai magana. In fita da kayan gona, na tona masa asiri da hannuna. Na ce ƙaryar da ta ciyar da mu wata huɗu ba za ta gagare ni yini ɗaya ba. Yana wanka na sace riga da laktaye da tabarau da jakar. Jakar ta yi nauyi, na kuma san abin da ke ciki. Na so in juye ta, sai na ji motsinsa, na fice da ita haka nan.

Titi ya cika maƙil. Matar bakanike ta shafa baƙin mai har gira. Matar mahauci, maƙwabciyarmu Musulma, ta sha babbar riga tana wasa wuƙar katako tana rantsuwa naman yau ne. Ni kuwa na ɗora tabarau, na gyara murya, mutane suna ta faɗuwa don dariya. Dariyar ta fi ta kullum ƙarfi, na kuma san dalili. Baban yara yana gefen titi cikin maza da singileti, yana tafi kamar kowa.

A mararraba matar ɗan banga ta kafa shinge da sanda. Ita baƙuwa ce, watanta biyu da tarewa, ita kaɗai ce a unguwar ba a koya wa ƙaryarmu ba. Ta daka mini tsawa irin ta mijinta.

"Tsaya nan! Oga, mene ne a jaka?"

Na ce, "Takardun ofis ne, ranka ya daɗe."

"Buɗe mu gani!"

Na ƙifta mata ido har idona ya yi zafi. Ta ɗauka wasan ne ya yi daɗi. Ta fizge jakar ta zazzage ta a tsakiyar titi. 'Yar fartanya mai gajeriyar ƙota ta faɗo, sai tsohon wando duk taɓo, sai ƙullin gyaɗa a leda, abincin ranarsa ke nan.

Mai ganga ya tsaya. Mutum ɗari biyu da suka san komai suka shiga kallon sama, wai ko hadari ne. Ni dai na ji da ma ƙasa ta tsage in shige. Ban san lokacin da na sunkuya na ɗauki fartanyar ba, ina ƙoƙarin ɓoye ta a bayan laktaye, kamar laktaye zai rufe fartanya.

Sai na ga ƙafafunsa a gabana. Na ce shi ke nan, yau za a yi waƙa da gidanmu har baɗi.

Ya gyara murya. Ya ce, "Maman yara, tun yaushe?"

Na ce, "Tun shuka."

Ya waiwaya ya dubi mai shayi, ya dubi fasto, kowa ya sunkuyar da kai. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya cire mini tabaraun, ya sa a aljihun wandonsa, ya kama hannuna ya gyara shi a kan ƙotar.

"Idan za ki kwaikwaye ni, ki yi daidai. Ba haka nake riƙe ta ba."

Mai ganga ya ci gaba da kiɗa. Na ƙarasa titin a sunkuye ina noman kwalta da laktaye a wuya, hawaye na ɗiga, shi kuma yana bina a baya yana cewa na bar ciyawa.

Ranar Litinin ya fita ƙarfe bakwai da fartanya a kafaɗa, ta ƙofar gaba. Mai shayi ya buɗe baki zai gaishe shi, ya rasa da me.